Masu Karanta Fuskar Talabijin

Akwatin talabijin ya yi baƙi ƙirin, ba abin da ya rage a fuskarsa sai wani siririn layi fari fat da ya ratsa tsakiya daga hagu zuwa dama. Murya kuwa tana fita raɗau. Mai akwatin yana ganin kayansa sun mutu ke nan, har ya fara lissafin kuɗin sabo. Amma ƙwararren mai gyara, tun kafin ya ɗauki sukundireba, ya riga ya karanta abubuwa da yawa a wannan layi ɗaya: wuta tana shiga, kwalbar hoton tana da rai, babbar wutar da ke haska ta tana nan daram, sashen da ke jan haske daga hagu zuwa dama yana aikinsa. Abu guda ne ya tsaya, wato mai jan hasken daga sama zuwa ƙasa, shi ya sa layukan hoton gaba ɗaya suka taru a wuri ɗaya. Farkon abin da zai yi shi ne ya rage hasken, don in aka bar layin yana ci haka zai ƙona fuskar gilashin ya bar tabon da ba ya gogewa. Sannan ya juyo.

"Alhaji, da can in ka ɗan buge shi a gefe yakan dawo?"

"Ƙwarai kuwa. Sai a 'yan kwanakin nan ya daina ji."

"To dalma ce ta saki a ƙafafun IC ɗin batikal. Zauna, ba zai daɗe ba."

Wannan karatu ba duba ba ne, ba kuma sa'a ba ce. Hoton da muke kallo doguwar tafiya yake yi, daga kyamara zuwa na'urar watsawa, ya bi iska ko waya, ya shiga akwati ya ratsa sassa iri-iri kafin ya iso ga ido. Kowane zango yana da sunansa, yana kuma da irin alamar da yake bari a fuskar akwati idan ya sami matsala. Sunayen nan da ake ji a bakin masu gyara a Sabon Garin Kano, da injiniyoyin gidajen talabijin, da masu tace fim a Kannywood, su ne suke gaya wa mai aiki inda zai sa hannu da inda zai bari. A ganina sana'o'i kaɗan ne a kasuwanninmu suka haɗa kaifin ido da zurfin lissafi irin wannan, kuma ba ma ba ta girman da ya kamace ta.

A fara da layin kansa. Tsohon akwati mai ƙeya bai taɓa nuna hoto cikakke a lokaci guda ba. Ɗigon haske ɗaya tal ne yake gudu a bayan gilashin, kamar manomi mai huɗa: ya ja kunya daga wannan gefen gona zuwa wancan, ya dawo ya kama ta gaba, har ya kai ƙarshen gona, ya koma sama ya sake. A tsarin da Nijeriya da Nijar suka bi, layukan 625 ne, amma 576 daga cikinsu ne ke ɗauke da hoto. Sauran lokaci ne da aka ware don ɗigon ya koma sama a ɓoye. Ana zana hoto 25 a kowane sakan, wato layi 15,625 ke nan a sakan ɗaya, kowane layi yana cin kashi 64 cikin miliyan na sakan. Wannan siririn kukan da yara suke cewa suna ji idan an kunna tsohon akwati, manya su ce ba su ji komai ba, kukan layukan ne, kuma gaskiyar yaran ce: kunnen babba yakan daina kama ƙara mai tsini haka.

Hoto 25 a sakan yana sa fuskar akwati ta riƙa ƙifce-ƙifce, ido ya gaji. Ninka adadin kuwa zai cinye ninkin wurin da tasha take da shi a iska. Sai injiniyoyi suka yi dabara: a zana layi na ɗaya, na uku, na biyar har ƙasa, sannan a koma a cike na biyu, na huɗu, na shida. Ido yana ganin haske sau 50 a sakan, alhali saƙon bai ƙaru ba. Wannan tsallake-tsallaken shi ne intales, shi ne ƙaramin harafin i da ake gani a 576i da 1080i a jikin dikoda. Harafin p na 720p da 1080p yana nufin ana zana layukan a jere ba tsallake. Mai tace fim ya san bambancin da idonsa: in ya ga gefen hannun ɗan wasa ya yi haƙora-haƙora duk sa'ad da ya motsa, ya san rabin hoto biyu ne da aka ɗauka a lokuta daban aka haɗa su ba tare da an daidaita ba.

To yaya akwatin da ke Funtuwa yake sanin daidai lokacin da kyamarar da ke Kaduna ta gama layi ta kama wani? A nan ne sink ya shigo, kuma ni dai a duk ilmin nan shi ne abin da ya fi burge ni. Siginar bidiyo gaba ɗayanta bolt ɗaya ce tak daga ƙasa zuwa sama. Kashi 0.7 na sama na hoto ne, daga baƙi zuwa fari. Kashi 0.3 na ƙasa, wanda ya fi baƙi baƙi don haka ido ba ya ganinsa, an bar wa umarni: wani gajeren bugu a ƙarshen kowane layi mai cewa a koma hagu, da wasu masu faɗi a ƙarshen kowane rabin hoto masu cewa a koma sama. Waya ɗaya, ga hoto ga umarni, ba sa taka juna. Idan hoto yana mirginawa sama ba tsayawa, da baƙar ɗamara a tsakani, umarnin komawa sama ne ya ɓace, ɗamarar kuwa ita ce waɗancan ɓoyayyun layukan da suka fito fili. Idan hoton ya kekkece ya zama zane-zane a karkace, na komawa hagu ne. Mai gyara ba ya rikita biyun.

Adadin 50 ɗin ma ba a banza ya zo ba. Wutar lantarkin Turai, wadda mu ma muka gada, tana juyawa sau 50 a sakan, ta Amurka sau 60, kuma kowa ya ɗaure talabijin ɗinsa da wutar ƙasarsa. Shi ya sa idan babbar kafasitar da ke tace wuta ta bushe, sai a ga wani faffaɗan duhu yana rarrafe a hankali daga ƙasa zuwa sama. In an koma kan janareto wanda juyinsa bai tsaya daidai kan 50 ba, sai rarrafen ya ƙara sauri. Ƙwararre yana iya duban saurin wannan duhun ya ce a je a duba injin.

Aikin kuma yana da haɗarinsa. Taransifomar da ake kira filaibak tana ɗaga wuta zuwa kimanin bolt 25,000 a akwati mai kala, kuma kwalbar tana riƙe wutar ko bayan an zare soket. Darasin farko da maigida ke koya wa yaron shago shi ne yadda zai ɗaura waya a jikin sukundireba, ya maƙala ɗaya bakin a ƙarfen akwati, ya zura ƙarƙashin robar da ke manne a ƙeyar kwalba da hannu ɗaya, har ya ji ƙaras. A jikin filaibak ɗin akwai 'yan maɓallai biyu, na fokas da na sikirin. In an murɗa na biyun ya wuce kima, sai siraran layuka a karkace su bayyana a kan hoto: hanyar da ɗigon ke bi ya koma ce ta tonu.

Sai maganar kala. Lokacin da tashar Ibadan ta fara watsa shiri ranar 31 ga Oktoba 1959, da lokacin da ta Kaduna ta biyo baya a 1962, komai fari da baƙi ne. Daga Jos aka fara watsa mai kala a tsakiyar shekarun 1970, sa'ad da akwatunan fari da baƙi sun riga sun zauna a gidaje. Matsalar da duk duniya ta fuskanta ke nan: yaya za a ƙara kala ba tare da an mayar da tsofaffin akwatuna shara ba? Amsar ita ce a raba hoto gida biyu. Akwai luma, wato haske da duhun hoto, wanda shi kaɗai ya ishi tsohon akwati. Ana haɗa shi daga launuka uku, amma ba daidai-wa-daida ba: kore yana ba da kusan kashi 59 cikin ɗari, ja kashi 30, shuɗi kashi 11 kacal, domin haka idon ɗan Adam yake auna haske. Sannan akwai kuroma, wato launin, wanda aka ɗora a kan wani kaɗawa mai saurin 4.43 MHz, sau miliyan huɗu da ɗoriya a sakan, aka cusa shi cikin siginar. A farkon kowane layi, a ɓoye bayan bugun sink, ana aiko da kaɗawa kamar goma na wannan sauri don akwati ya saita kansa da su. In akwati bai ji su ba, akwai sashen da ke kashe kala gaba ɗaya don kada hoto ya yi dabbare-dabbare. Saboda haka idan akwati mai kala ya koma fari da baƙi alhali hoto garau, hannun mai gyara yakan nufi wani ɗan ƙaramin gwangwani mai sheƙi da aka rubuta 4.43 a jikinsa. Kiristal ke nan, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, amma in ya mutu kala ta tafi.

Wani lokacin ba sigina ce ke da laifi ba. Tabon shunayya ko kore a kusurwa ɗaya, wanda ba ya motsi ko an canja tasha, maganaɗisu ne, galibi daga lasifikar da aka jingina da akwatin. Wannan gurnanin da tsohon akwati ke yi a sakan na farko in an kunna shi, wata waya ce da ta zagaye gilashin take wanke maganaɗisun.

Amurka ce ta fara da tsarinta na NTSC a 1953, mai layi 525, da kuroma a 3.58 MHz. Aibinsa shi ne ɗan kuskure a hanya yana juya launi, fuska ta koma kore ko ta yi ja, shi ya sa akwatunansu suke da maɓallin gyara launi na musamman. Walter Bruch na kamfanin Telefunken a Jamus ya magance wannan da PAL: a riƙa kifar da alƙiblar ɗaya daga siginonin launi a kowane layi, ta yadda kuskuren layi na farko zai yi gaba, na layi na biyu ya yi baya. A cikin akwati akwai wani ɗan gilashi da ke riƙe launin layi guda na tsawon kashi 64 cikin miliyan na sakan, daidai tsawon layi ɗaya, a haɗa shi da na gaba, kuskuren ya cinye kansa. Henri de France ya bi wata hanya da SECAM: a aika rabin bayanin launi a wannan layi, ɗaya rabin a layi na gaba. Ingila da Jamus ta Yamma sun fara PAL a 1967, Faransa ta fara SECAM a shekarar.

Wannan rabuwa ta Turai ta sauka a tsakiyar ƙasar Hausa. Nijeriya ta ɗauki PAL, Nijar ta bi SECAM. Akwatin da aka saya a Kano, in aka kai shi Maraɗi, zai kama hoto tsaf don layukan duk 625 ne, amma fari da baƙi, sauti kuma babu, domin Nijeriya tana ajiye sauti a tazarar 5.5 MHz daga hoto, Nijar a 6.5. Ingila kuma a wancan lokacin nata a 6.0 yake, duk da ita ma PAL ce. Shi ya sa akwatunan gwanjo da ake shigowa da su daga can suke nuna hoto mai kyau, sauti kuwa sai shuu. Masu gyaranmu ba su jira kamfani ba. Sukan buɗe akwatin, su nemo ɗan matacin sauti mai ƙafa uku da aka rubuta wa 6.0, su cire su dasa mai 5.5, akwati ya yi magana. Kaset ɗin da wani ya aiko daga Amurka kuwa sai dai a nemi bidiyo mai cin kowane tsari, irin waɗanda suka cika kasuwannin Jidda da Dubai saboda yankin ya haɗa PAL da SECAM, alhazai kuma suka riƙa dawowa da su.

Eriya da wayarta suna da nasu alamomin. Hoto mai tsaki-tsaki fari da baƙi, sigina ce ta yi rauni har hayaniyar cikin na'ura ta rinjaye ta. Hoton da ya fito da inuwarsa a gefen dama, sigina ce ta iso sau biyu, ɗaya kai tsaye, ɗaya bayan ta bugi dutse ko dogon gini ko tankin ruwa ta dawo a makare. Tunda ɗigon daga hagu yake tahowa, mai makara dole ya sauka a dama. Wayar eriya kuma an gina ta kan om 75, don haka wanda ya ƙara mata tsawo da wayar wuta ta gida ya buɗe wa inuwa ƙofa da kansa.

A bayan akwati, bakunan waya masu launi-launi duk labarin luma da kuroma suke maimaitawa. Mai rawaya ɗin nan ya cusa komai a waya ɗaya, kuma raba su ba ya yiwuwa sarai. Idan mai karanta labarai ya sa riga mai ƙananan zane a matse, akwati yakan ɗauki zanen a matsayin launi, sai rigar ta riƙa walƙiya da launukan da babu su a jikinta. Dalilin da ya sa masu kyamara suke roƙon baƙi su guji irin wannan tufa ke nan. Mai baki uku, kore da shuɗi da ja, ya ba luma wayarsa shi kaɗai a koren, ya raba launi a sauran biyun. A sa koren kaɗai, hoto ya fito fari da baƙi garau. A musanya ja da shuɗi, fuskokin mutane su koma shuɗaye. Wayar VGA mai allura 15, wadda IBM ya fito da ita a 1987 kuma har yau ake ganinta tana haɗa kwamfuta da majigi a wasu makarantu da wuraren taro, ta ba kowane launi allurarsa. In farin bango ya koma rawaya, allurar shuɗi ce ta lanƙwashe. In ya koma ruwan hoda mai duhu, ta kore ce. Mai sanin aiki yakan faɗa daga bayan zaure, kafin ya kai ga na'urar.

Da shafaffen akwati na bango ya zo, mutane da yawa sun ɗauka ilmin ya ƙare. Ya dai sauya wuri. Ɗigo mai gudu ya tafi, fiksil ya maye gurbinsa: ƙananan gidaje a jere, kowanne da ɗakuna uku, ja da kore da shuɗi. Akwati mai 1920 a kwance da 1080 a tsaye yana da fiksil 2,073,600. Wanda ake kira 4K, mai 3840 da 2160, yana da 8,294,400, ninki huɗu cif. Yawancin masu inci 32 da ke kasuwa 1366 da 768 ne, ko da kwalinsu ya ce suna karɓar 1080. Karɓa suke yi su rage. Siffar ma ta canja daga 4:3 zuwa 16:9, kuma duk wanda ya ga ƙwallo ta zama kamar ƙwai a gidan kallo, 'yan wasa sun yi gajeru masu faɗi, ya ga tsohon hoto da aka ja da ƙarfi don ya cika sabon gilashi.

Kusan duk abin da ake kira filasma a yau LCD ne, don manyan kamfanoni sun bar ƙera filasma ta ainihi tun wajen 2014. Gilashin LCD ba shi da haske na kansa. Fiksil ɗinsa buɗewa da rufewa kawai suke yi a gaban fitilun da ke bayansu, kuma rubutun LED da ke kan kwali waɗannan fitilun yake nufi. Daga nan aka sami gwajin da ya fi kowane sauƙi da kyau a wannan sana'a. An kawo akwati, sauti na fita, fuska baƙa. Mai gyara ya kunna shi, ya ɗauko tocilan, ya manna ta kusa da gilashin a ɗan karkace, ya sunkuya. Can a cikin duhun sai ga hoto yana motsi dishi-dishi, har ana iya karanta tambarin tasha. Shi ke nan, gilashi lafiya, babban allon na'ura lafiya, fitilu ne suka mutu. Kuma tunda a jere aka ɗaura su a layin wuta ɗaya, ƙwaya ɗaya in ta ƙone sai duka su ɗauke. Zai kwance firam, ya ɗaga gilashin da bai kai kaurin kwali ba da tafin hannu biyu yana riƙe numfashi, ya jera fararen takardun da ke baza haske a gefe bisa tsarin da ya same su, ya bi fitilun da na'urar gwaji har ya kai ga matacciyar. Mai amana, bayan ya canja, yakan rage ƙarfin fitilun a cikin saiti, don zafi ne ke kashe su, kuma zafinmu ba irin na inda aka ƙera su ba ne.

In tocilan bai nuna komai ba, sai a koma ga ɗan allon da ake kira T-con, wanda ke karɓar hoto ya raba wa layukan gilashi lokacinsu. Aikin sink ne ya dawo a sabuwar riga. Hoto mai kama da nagetif yakan nuna matsala a sashen gama na wannan allo, mai daidaita matakan haske. Siririn layi mai launi ɗaya a tsaye, wanda ba ya gushewa, yakan fito daga lallausan ribobin da aka manna a bakin gilashi. Idan kuma babban allo ya ƙone aka sa na gama-gari, akwai wata 'yar gada da ke zaɓar bolt 3.3 ko 5 ko 12 na gilashi. A ɗora ta a inda ba daidai ba, gilashin ya tafi a sakan ɗaya. Ƙwararre yana karanta lambar gilashi ya tabbatar kafin ya ba da wuta.

Siginar dijital kuma halinta daban. Nijeriya ta ƙaddamar da sauyawa zuwa tsarin DVB-T2 a Jos ranar 30 ga Afrilu 2016, ko da yake masu kwanon tauraron ɗan Adam sun daɗe a cikinta. Tsohuwar sigina a hankali take lalacewa, ana iya kallon wasa cikin tsaki-tsaki har a tashi. Sabuwa kuwa garau take har ta kai gaɓa, sannan ta farfashe ta zama murabba'ai, ta daskare, ta ɗauke. Murabba'an nan asirin matse hoto ne ya tonu: MPEG ba ya aiko da kowane hoto cikakke, yana aiko da cikakke jefi-jefi, a tsakani sai bayanin abin da ya motsa kawai, gida-gida. In wani bayani ya ɓace a hanya, gidajensa su tsaya a inda suke har cikakken hoto na gaba ya iso. Mai saita kwano yana kallon sanduna biyu a fuskar dikoda, na ƙarfi da na inganci, kuma ya san na farkon yana iya cika ko da kwanon bango yake kallo, don shaida ce kawai cewa waya da LNB, wato na'urar da ke gaban kwanon, suna da rai. Na biyun ne ke cewa an sami tauraron da ake nema, can a nisan kusan kilomita 36,000. In rabin tashoshi sun ɓace rabi suna nan, zai auna wutar da dikoda ke tura wa LNB, domin bolt 13 ne ke zaɓo siginar tsaye, 18 ta kwance. In tasha tana magana ba hoto, tsohuwar dikoda ce mai jin MPEG-2 kaɗai aka ba ta MPEG-4. Ihun cin ƙwallo da ke tashi a wani gidan kallo kafin maƙwabcinsa ya gani, bambancin lokacin da kowace hanya ke ci wajen matsewa da warwarewa ne.

Akwai wani wuri guda da nake ganin ilmin nan ya shafe mu fiye da kowa, shi ne matakin baƙi. A bidiyon dijital na yau da kullum kowane launi yana da matakai 256, amma talabijin yana ɗaukar mataki na 16 a matsayin baƙi, na 235 a matsayin fari, kwamfuta kuwa daga 0 zuwa 255 take lissafi. In na'urori biyu ba su yi yarjejeniya ba ta wayar HDMI, ko dai hoto ya yi toka-toka kamar an wanke shi, ko kuma duk abin da ke kusa da baƙi ya nutse ya zama baƙi ɗaya. Fuskokinmu a wannan yankin suke zaune. Fim ɗin da aka ɗauka a ɗaki, da jaruma mai duhun fata sanye da farin mayafi, ɗan kuskure a nan yana shafe mata kumatu da goshi ya bar idanu kawai. Mai tacewa da ya san aikinsa ba ya dogara da gilashin da ke gabansa, wanda wataƙila an ƙure masa haske. Yana buɗe ma'aunin da ke zana luma a matsayin tudu da kwari ya ga inda fuskar ta faɗa, ya buɗe bektaskof mai zana launi a da'ira. A wannan da'irar akwai layi guda da fatar ɗan Adam take faɗawa kusa da shi, ta Bahaushe ko ta Bature. In ta kauce masa, hasken ɗaukar ko saitin kyamara ne ya ja ta. Sandunan launi takwas da tashoshi kan nuna a da kafin buɗe shiri, fari, rawaya, ruwan sararin sama, kore, ruwan hoda mai duhu, ja, shuɗi, baƙi, don wannan aikin aka yi su, kuma an jera su ne daga mafi luma zuwa mafi ƙaranci.

Inda ake matuƙar bukatar masu wannan sani yanzu shi ne kan tsofaffin kasa-kasai. Tun daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, finafinan Hausa na shekaru goma da ɗoriya a kan VHS suka fito, kafin VCD mai fiksil 352 da 288 ya karɓa. Haka wa'azozi, da bukukuwan sarauta, da hawan salla, da wasannin kwaikwayo na tashoshin jihohi. VHS tun asali yana rage launi sosai kafin ya naɗa, kuma kowane kwafi daga kwafi yana ƙara lalata shi: ja ya malalo ya wuce gefen riga, layukan tsaye su yi rawa. Zafi da ƙura da fumfuna suna ci gaba da cin abin da ya saura. Juyar da su zuwa kwamfuta ba haɗa waya kawai ba ne. Ana bukatar wanda zai goge kan bidiyo ba tare da ya karya shi ba, ya saita tirakin har farin zanen da ke ƙasa ya kwanta, ya ratsa da siginar ta na'urar TBC mai sake gina sink ta miƙar da kowane layi, ya ɗauka a 720 da 576 ba tare da ya zubar da rabin layukan ba, ya kiyaye wane rabin hoto ne ke gaba don motsi kada ya riƙa karkarwa, ya bar siffar 4:3 yadda take. Kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe da ke ƙera na'urar VHS, ya daina a watan Yulin 2016. Duk na'urar da za ta karanta waɗannan kasa-kasai yanzu tsohuwa ce, robobinta sun saki, kafasitocinta sun bushe, kuma sai an sami mai gyaran da ya san cikinta kafin a zura mata kaset ɗin da ba shi da kwafi na biyu.